Yadda ake tsara makullin ƙofa mai buɗewa da katin RFID

Haɗa makarancin katin RFID (katin da ake karantawa da an kara shi kusa, ba waya) da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni) a kan teburi, har ɗan fitila ya kama idan an kara kati, aikin wuni guda ne, wani ma kafin la'asar ya gama. Wahalar tana fitowa ne ranar da aka ɗaura kayan a jikin ƙofa ta gaske: an ɗauke wuta, ko an tayar da janareta wutar ta zo da fizga, ko ƙyauren ƙarfe ya sha rana ya buɗa ya danne harshen makulli. Saboda haka kafin ka sayi ko waya ɗaya, zauna ka amsa tambaya biyu. Me ƙofar za ta yi idan babu wuta? Kuma wanda ke ciki, ta yaya zai fita idan na'urar ta mutu gaba ɗaya? Amsar waɗannan ita ce za ta zaɓa maka makulli, ta zaɓa maka batir, har ta faɗa maka inda za ka bi da waya.

Zaɓen makulli

Makullan lantarki kashi biyu ne. Akwai wanda sai da wuta yake riƙe ƙofa, ana yanke wutar ya saki. Akwai kuma wanda a kulle yake zaune, sai an ba shi wuta yake buɗewa.

Na farkon shi ne makullin maganaɗisu: dogon ƙarfe a saman firam, faranti a jikin ƙyaure. Wanda aka fi samu a kasuwa shi ne mai riƙon kilo 280, yana cin kusan 500mA a kan 12V, dare da rana ba hutu. Ya dace da ƙofar ofis ko ɗakin karatu inda mutane ke da yawa, domin idan gobara ta tashi wuta ta yanke, kowa zai tura ya fita. Amma a wurin da wuta ke yin awanni ba ta dawo ba, ka san abin da ka ɗauka: batirinka na ƙarewa, ƙofarka ta zama a buɗe.

Na biyun shi ne maƙalin lantarki da ake sakawa a cikin firam, daidai inda harshen makullin hannu yake shiga. Idan an ba shi wuta, leɓensa yana sakin harshen, sai a tura ƙofa. Daga ciki kuwa hannun ƙofa yana aiki kamar kullum, makullin ƙarfe na gargajiya ma yana nan yana buɗewa daga waje. Ga shago, sito, ko ɗakin ajiyar magani, wannan shi ne zaɓin da ya fi hankali, musamman a garuruwanmu, domin ba ya cin wuta sai na daƙiƙun da ake buɗewa. Ka duba kwalinsa da kyau, ana yin sa iri biyu, wasu ma ana juya su da ɗan sukuru daga wannan hali zuwa wancan.

Sai ƙaramin sakatan nan mai naɗin waya da ake sayarwa tare da kayan koyo. Na durowa ne da kabad. Yana zafi idan ya wuce 'yan daƙiƙu da wuta a jikinsa, kuma kafaɗa ɗaya ta ishe shi. Kada ka ɗora masa amanar ƙofar gida.

Kati da makarancinsa

Katin ba shi da batir. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya da ɗan ƙanƙanin guntun lantarki. Makarancin yana fitar da filin maganaɗisu, naɗin katin ya sha wuta daga wannan filin, guntun ya farka ya aiko da lambarsa. Shi ya sa nisan karatun bai wuce 'yan santimita ba.

Iyali biyu na katuna za ka tarar, kuma ba sa jin yaren juna. Masu 125kHz, irin EM4100, lamba ɗaya kawai suke furtawa ga duk wanda ya tambaya, babu sirri ko kaɗan. Ana karanta su da allon makaranci RDM6300, kuma ana kwafe su a kan katin T5577 da 'yar na'urar hannu cikin daƙiƙu. Masu 13.56MHz kuwa, irin MIFARE Classic 1K da NTAG213 da DESFire, suna da wurin ajiyar bayanai a ciki. Allon RC522, wanda aka gina a kan guntun MFRC522 na kamfanin NXP, shi ne mafi araha a wannan iyali. Idan ka kara kati makaranci ya yi shiru kamar babu komai, fara duba ko iyalinsu ɗaya, domin a ido farin kati duk farin kati ne.

A nan akwai gaskiyar da ya kamata mai ƙofa ya ji tun kafin ya biya kuɗi. Yawancin ayyukan da ake yi da RC522 lambar shaidar katin kawai suke dubawa, wato UID, mai bayit 4 ko 7. Wannan lamba ba sirri ba ce. Wayar hannu mai NFC, wato mai karanta kati idan an kara, tana karanta ta, kuma ana sayar da katunan da ake rubuta musu duk lambar da aka ga dama. Ko sirrin da ke cikin MIFARE Classic, mai suna Crypto-1, masu bincike sun fasa shi tun 2008, ciki har da na Jami'ar Radboud da ke Holan. To, ga ƙofar ɗakin ma'aikata inda burin shi ne a daina yawo da tarin makullai kuma a iya soke katin wanda ya bar aiki, duba UID ya wadatar. Ga wurin da akwai dukiya, ko dai ka haɗa kati da lambar sirri da ake dannawa, ko ka koma DESFire mai sirrin AES tare da makaranci irin PN532. Aikin manhajarsa ya fi nauyi, amma shi ne ba a kwafewa da kayan kasuwa.

Ƙwaƙwalwa a ciki, kunne a waje

Wannan ƙa'ida ta fi kowace irin kati muhimmanci. Idan ka zuba Arduino da abin kunna makulli da wayoyinsa duk a akwati ɗaya a waje, ɓarawo ba ya buƙatar kati. Sukundireba zai sa ya buɗe akwatin, ya haɗa wayar 12V da ta makulli, ƙofa ta buɗe. Abin da zai kasance a waje shi ne makaranci kaɗai, da ɗan fitila da ƙararrawa. Allon ƙwaƙwalwa, batir, da duk wayar da ke zuwa makulli, a ciki.

Sai dai RC522 da SPI, wata hanyar aika saƙo tsakanin alluna, yake magana da Arduino, ita kuwa SPI ba ta son doguwar waya. Santimita 20 zuwa 30 lafiya lau. Ka kai mita guda, sai karatu ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Mafita mai sauƙi ita ce a huda bango a ɗora akwatin ciki a bayan makarancin kai tsaye, baya da baya. Idan ginin bai ba da haka ba, sayi makaranci na waje mai rufi wanda ke fitar da saƙo ta tsarin Wiegand 26: jar waya 12V, baƙa GND (layin sifili na wutar), koriya D0, fara D1. Wannan yana tafiya gomman mitoci a kan waya mai sulke, ruwan sama da ƙurar hunturu ba sa damunsa. A allon Arduino Uno ko Nano ana kai D0 da D1 ƙafa ta 2 da ta 3, domin su ne masu katse aiki su saurari bugun da ya shigo.

Haɗa wayoyin

Ga RC522 da Arduino Uno ko Nano: SDA zuwa ƙafa ta 10, MOSI zuwa 11, MISO zuwa 12, SCK zuwa 13, RST zuwa 9, GND zuwa GND, IRQ a bar ta haka. Wutar allon 3.3V ce. Ka ba shi 5V, kana iya yin asararsa.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne su ma wayoyin saƙo na Uno 5V suke fitarwa, guntun kuwa ba a yi shi don haka ba. Zai yi aiki a kan teburi, wataƙila ya yi watanni, sannan ya fara rikici ba tare da ka san dalili ba. Saka mai daidaita ƙarfin saƙo a kan SDA, SCK, MOSI da RST, ko ka raba wutar da rezista biyu a kowace waya: 1k a kan hanya, 2k daga ɓangaren makarancin zuwa GND. MISO ba ta buƙata. Haka nan ƙafar 3.3V ta yawancin allunan Nano na kasuwa ba ta da ƙarfi, daga guntun USB take fitowa, ɗan AMS1117-3.3 na daban, mai samar da 3.3V, yana kawar da wannan damuwa, kuma sau da yawa nisan karatu ma yana ƙaruwa. Mai amfani da allon ESP32 a maimakon Arduino ya huta da duk wannan, domin shi da makarancin duk 3.3V suke.

Ƙafar Arduino ba za ta iya ɗaukar makulli ba, abin da take bayarwa cikin aminci bai wuce 20mA ba. Ana bi ta MOSFET ko rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa ya kunna babba. Da IRLZ44N, MOSFET mai ƙafafu uku G, D da S: ƙafa ta 7 ta Arduino ta bi ta rezista 220Ω zuwa G, rezista 10k daga G zuwa GND, S zuwa GND, D zuwa baƙar wayar makulli, jar wayar makulli kai tsaye zuwa 12V. Kula da harafin L a cikin sunan. IRF520 da ake yawan gani a kan ƙananan alluna ba ya buɗewa sosai da 5V, sai ya yi zafi makulli kuma ya samu rabin wuta. Da ESP32 kuwa 3.3V ta yi wa IRLZ44N kaɗan, gara AO3400 ko a sa ƙaramin taransista a gabansa.

Rezistan nan na 10k ba ado ba ne. A daƙiƙar farko da Arduino ke tashi, ƙafafunsa a sake suke, ba sama ba ƙasa, kuma hakan na iya kunna MOSFET. Ma'ana, a maƙalin firam, duk lokacin da aka kawo wuta ƙofa ta yi ƙaras ta buɗe. Allunan rile ma suna da irin wannan tarko: da yawansu da LOW suke kamawa, don haka a manhaja sai ka rubuta wa ƙafar HIGH tukuna, sannan ka mayar da ita ƙafar fitarwa.

Sai dayod. Makulli naɗin waya ne, kuma idan aka yanke masa wuta farat ɗaya yana mayar da bugu mai ƙarfi ta baya, wanda ke kashe MOSFET ko ya sa Arduino ya sake tashi. Sa 1N4007 a tsakanin wayoyin makullin biyu, ɓangaren da ke da zobe yana kallon jar waya. A jikin makullin za ka sa shi, ba a kan allo ba, don bugun ya mutu a inda aka haife shi maimakon ya bi doguwar waya yana watsa hayaniya. Ka juya shi, fis ɗinka zai ƙone a buɗewar farko, idan ka yi sa'a ke nan akwai fis. A makullin maganaɗisu dayod yana sa ya yi jinkirin saki. Da yawa suna zuwa da MOV, wani ɗan abu mai shanye wannan bugun, a ciki, duba takardarsa kafin ka ƙara komai.

Wuta da batir

Hanyar da ta fi tsabta ita ce akwatin wuta na 12V mai 3A wanda ke cajin batir da kansa kuma ya koma kansa ba tare da yankewa ba. Batirin 12V 7Ah irin na UPS shi ake sakawa, ana riƙe shi a kan 13.6V zuwa 13.8V. Fis na 2A a jikin jar wayar batir, kusa da kan batirin. Daga nan allon rage wuta LM2596 ya sauko da wutar zuwa 5V don Arduino. Murɗa ɗan sukurunsa kana kallon mita har ya tsaya a 5V kafin ka haɗa shi da komai, domin sabo yakan zo yana fitar da kusan duk abin da aka ba shi. Idan za ka jona USB don sauya manhaja, cire wannan wayar tukuna. Kafasita 1000µF a bakin shigar LM2596 da 100nF kusa da ƙafafun wutar makaranci suna shanye faɗuwar da ake samu lokacin da makulli ya ja wuta.

Yi lissafin da kanka. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 3.5Ah ke hannunka. Makullin maganaɗisu da allo suna cin kusan 0.6A, ka ga awa shida ke nan ba su cika ba. Maƙalin firam kuwa, allo da makaranci kaɗai ke ci a zaune, ka ce 80mA, wannan ya haura awa 40. Bambancin ke nan tsakanin ƙofar da za ta kwana a kulle da wadda za ta saki da tsakar dare. Wanda ke da sola a gida yana iya ɗaukar layi daga batirinsa, amma ta fis na daban.

Zafi yana cin batirin dalma: kusan kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. Kada a rataye akwatin a ƙarƙashin kwano ko jikin bangon da rana ke duka da yamma. Kuma ka sa allon ya riƙa duba lafiyar batir: rezista 47k da 10k su raba wutar zuwa A0, idan ta sauka ƙasa da 11.8V ƙararrawa ta riƙa ɗan kuka lokaci-lokaci.

Kaurin waya ma yana da magana. Wayar tagulla mai 0.5mm² tana da kusan 0.035Ω a kowace mita. Nisan mita 10, zuwa da dawowa mita 20, a kan 1A ka zubar da 0.7V a hanya. Idan wayar alminiyon ce da aka yi wa rufin tagulla, asarar ta fi haka. Kankare bakin wayar da wuƙa; in ka ga fari a ciki, mayar da ita.

Manhaja

Sauke laburaren MFRC522, kuma kafin komai kira PCD_DumpVersionToSerial. Idan ya nuna 0x91 ko 0x92, guntu na magana. Idan 0x00 ko 0xFF ya fito, matsalar waya ce ko dalma, kar ka ɓata lokaci kana gyaran manhaja. Ƙafafun RC522 sai an like su da dalma. Tura su cikin rami kawai ba ya riƙewa.

Zagayen aikin gajere ne: PICC_IsNewCardPresent ya ga kati, PICC_ReadCardSerial ya ɗauko lamba, a gwada ta da jerin da aka adana, a buɗe ko a ƙi, sannan PICC_HaltA don kada kati ɗaya ya yi ta karantuwa. Kada ka rubuta lambobin katunan a cikin manhajar, in ba haka ba duk ranar da wani ya yar da nasa sai ka zo da kwamfuta. Ajiye su a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke; ta ATmega328P, guntun da ke kan Uno da Nano, bayit 1024 ce. Ba kowane kati gurbi mai bayit 8, ɗaya na tsawon lambar, bakwai na lambar kanta, ka samu gurbi 128. Yi amfani da EEPROM.update, domin kowane gurbi kusan rubutu 100,000 yake ɗauka, kuma kada ka riƙa rubuta tarihin shiga da fita a can.

Ware kati ɗaya ya zama uban katuna: an kara shi, na'ura ta shiga halin rajista na daƙiƙa 10, katin da ya biyo baya a ƙara shi idan sabo ne, a goge shi idan yana ciki. Amma katin da ya ɓata ba ya nan balle a kara shi. Don haka ka rubuta lambar gurbi a jikin kowane kati da kuma a littafi tare da sunan mai riƙe da shi, ka tanadi hanyar goge gurbi da lambarsa. Uban katunan kuma a aljihun tebur mai kulle yake kwana, ba a zoben makullan mai gida ba.

Lokacin buɗewa daƙiƙa 3 zuwa 5 ya isa. Ƙirga shi da millis, agogon cikin allo, ba da delay mai tsayar da komai ba, don allon ya ci gaba da jin maɓallin fita da ke cikin ɗaki. Ka riƙa ɗebe lokacin farawa daga na yanzu kana gwadawa da tazarar. Ta haka ko ƙidayar ta cika ta koma sifili bayan kwana 49 da kusan awa 17, ba abin da zai faru. Bayan kati mara izini sau biyar a jere, na'urar ta yi shiru na daƙiƙa 30. Kunna mai gadin ciki na guntun Arduino, wanda ke sake tayar da allo idan manhaja ta maƙale na daƙiƙu, sannan duk minti ɗaya a tambayi makaranci lambar sigarsa, in bai amsa daidai ba a sake kiran PCD_Init. RC522 yakan suma bayan fizgar wuta alhali Arduino na nan garau, kuma wannan 'yar dubawa ita ce maganin ƙorafin "jiya yana yi, yau ya ƙi". Masu son buɗewa da waya su sani wayoyi da yawa sabuwar lamba suke bayarwa a kowace karawa, mai farawa da 08, don haka rajistarta ba ta da amfani.

Ɗaurawa a jikin ƙofa

Ƙarfe abokin gabar makaranci ne. Ka manna RC522 a jikin ƙyauren ƙarfe ko firam ɗinsa, ƙarfen zai shanye filin, katin da ake karantawa daga santimita 4 ya koma sai an goga shi, ko ya ƙi sam. Ɗora shi a bango cikin akwatin roba, ka bar aƙalla santimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da kowane ƙarfe, har da rodin da ke cikin ginshiƙi. In dole sai a kan ƙarfe, sa takardar ferayit a bayansa. Gwada karatu da murfin akwatin a rufe kafin ka huda bango.

Maƙalin firam yana da hali guda da ke ruɗa mutane: idan ƙyaure yana danna harshen a jikin leɓensa, ba zai saki ba ko da wuta ta zo. Za ka ji ƙaras, ka tura, ƙofa ta ƙi, sai ka ɗan jawo ta tukuna. Laifin hinji ne ko ƙyauren da ya karkace, ba na lantarki ba. A kira mai walda ko kafinta ya daidaita har harshen ya zauna da ɗan sarari, kamar milimita 1, kuma a gwada da tsakar rana lokacin da ƙarfe ya buɗa, a sake gwadawa da asuba. Ƙofar katako kuma a tuna tana kumbura da damina.

Farantin makullin maganaɗisu ba a ɗaure shi tam. Da sukuru ɗaya yake rataye a kan zoben roba, don ya ɗan yi lilo ya kwanta daidai a fuskar maganaɗisun. Ka matse shi har ya daina motsi, ko ka bar ƙura da tsatsa a fuskarsa, riƙon kilo 280 ya zama abin da yaro zai fizge. A riƙa goge shi da busasshen tsumma, kar a shafa masa fenti.

Maɓallin fita na wannan makulli kada ya bi ta Arduino kawai. MOSFET idan ya lalace yawanci a haɗe yake mutuwa, wato wuta na ci gaba da zuwa, ƙofa na riƙe, manhaja ba ta da ta cewa. Sa maɓalli mai yanke jar wayar makullin kai tsaye, a tsayin da yaro zai kai, a wurin da hannu zai same shi cikin duhu da hayaƙi.

Kafin ka miƙa katuna, yi wa ƙofar gwaji irin na mugunta. Kashe wutar gari ka kunna sau ashirin a jere kana kallon ko makulli zai motsa. Cire batir ka maimaita. Tsinke wayar makaranci daga waje ka haɗa bakunanta da juna, ka tabbatar ƙofa ba ta buɗe ba. Sa mutum a ciki, ka kashe komai, ka ce ya fito. Sannan ka bar ta a kan batir kaɗai tun daga magariba, da safe ka auna abin da ya rage da mita, ka rubuta adadin a cikin murfin akwatin tare da ranar da aka sa batirin.